Allon da Ke Rataye a Saman Injina

Tun da kuka shigo shagon nan idonku na kan abin can da ke rataye kusa da rufi, lulluɓe da farin mayafi. Ba na sayarwa ba ne, kuma ba aikin wani ba ne da ya ƙi zuwa ɗauka. Zan ba ku labarinsa, amma ku rufe kwamfutocin nan tukuna. Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai sana'ar nan ba ta da wuya, zane ne kawai a kwamfuta, a danna maɓalli, inji ya sassaƙa, mutum ya naɗe hannu. To, madalla. Injin nan da kuke gani bai san katako ba. Abin da ka shimfiɗa masa shi zai ci, mai kyau ko ruɓaɓɓe, kuma in aiki ya ɓaci ba wanda zai zo ya zagi inji. Sule Kafinta za a nema.

Ni a Bakori na koyi aiki, wurin Malam Garba, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa zarto ba. Aikina ɗaya ne: in an sauke katako, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, in ware masu lafiya gefe. Sai ya zo ya bi bayana. In ya tarar da marar kyau cikin waɗanda na ware, ba ya duka, ba ya faɗa. Ɗora mini shi yake a ka, ya ce in kai bakin kasuwa in dawo, ranar kasuwa kuwa, 'yan mata masu talla suna kallo suna dariya. Sau uku na yi wannan tafiya. Ban yi ta huɗu ba.

Filawud kuwa ya fi kowane katako ha'inci. Falle-falle ne na itace aka jera aka manne da gam, fuskar waje sumul, abin da ke ciki sai wanda ya haɗa shi. Kafinta mai ƙusa da guduma bai damu da cikin ba, ya buga ya wuce. Haƙorin inji kuwa shiga yake yi, ya yanka falle na ɗaya, ya yanka na biyu, ya taɓa na uku. In ya tarar da rami, ko wurin da gam ya saki, sai fuskar ta ɗago ta yage. Shi ya sa in na je saye nake fara duba gefe. Ina so in ga fallen nan a jere, kaurinsu ɗaya, babu rami, babu inda wani ya hau kan wani. Ba na ɗaukar na ƙasan tari, ba na ɗaukar na jikin bango. In tsayar da shi, in rufe ido ɗaya, in duba ko ya lanƙwashe. Sannan in ƙwanƙwasa, kusurwa huɗu da tsakiya. Mai lafiya amsa ɗaya yake ba ka ko'ina ka taɓa. Kuma kada wani ya ce muku arha laifi ce. Wanda kusurwarsa ta ɓantare a mota, ko bayansa ya yi tabo, ana rage masa kuɗi, cikinsa kuwa lafiya lau. Duk wannan na san shi tun kafin a haife ku, na san shi kuma ranar da na yi abin da na yi.

Shekarar ba ta yi mana kyau ba. Kaya sun yi tsada, filawud na kirki ya ɓace daga kasuwa, sai tarkace. Ni kuma a lokacin na sayar da gonar da na gada a Dayi na sayi injin nan na kafa shi a nan Malumfashi. Mutane suna zuwa kallo, su riƙe baki, su tafi su ba kafinta mai hannu aikinsu. Wata uku babu abin da na sassaƙa sai sunayen shaguna biyu da allon gado ɗaya. 'Yan uwana sun daina gaishe ni da fara'a saboda gonar.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Mamuda. Dillalin masara ne babba, daga wani ƙauye bayan Ƙarfi, kuma shi ne shugaban kwamitin sabon masallacin Juma'a da manoman garin suka gina da masararsu. Suna son allo babba a saman wurin da liman ke tsayawa, a sassaƙa aya a jikinsa. Ku gane abin da wannan ke nufi. A yankin nan kowace kaka sai wani ƙauye ya gina masallaci ko ya gyara, ga makarantun Islamiyya. In allon nan ya yi kyau, baƙin da za su zo buɗe masallaci su gani, na samu abin yi har in tsufa. In ya lalace kuwa, ba za a ce katako ne ba. Za a ce Allah ne bai yarda inji ya rubuta maganarsa ba, kuma ba masallacin da zai sake kallon ƙofar shagona.

Da ma akwai mai faɗin haka tun ba a fara ba. Malam Isiyaku, tsohon malamin garin, wanda ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa ba sau ɗaya ba. Shi ya rubuta ayar a babbar takarda, da alƙalami da tawada. Hannunsa ya fara rawa, sai da ya yi kusan wata yana rubutawa yana sakewa kafin ya samu wadda ta gamshe shi. Da aka ce za a ba inji, ya ce ƙarfe ba ya alwala. Alhaji Mamuda ne ya tsaya kai da fata a taron kwamiti har aka ba ni. Na ɗauki hoton takardar, na kwana huɗu ina bin layin rubutun Malam a kwamfuta, har inda alƙalaminsa ya ɗan yi kauri ban gyara ba.

Ranar Asabar muka tafi Funtua sayen filawud, saura kwana shida a buɗe masallaci. Na so in tafi ni kaɗai. Alhaji ya ce a'a, kayan jama'a ne, da idonsa za a saya. Ya taho da mutum biyu na kwamiti, da surukinsa, wani dattijo da ya zo daga Zariya don bikin. Muka shiga wani shago da Alhaji ya ce an ba shi labarin yana da sauƙi. Ina shiga sito hancina ya gaya mini. Warin danshi, ga buhunan takin zamani jibge a gefe ɗaya, ga shatin ruwa a bango inda rufi ya yi yoyo duk damina.

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya shiga ɗaga alluna ɗaya bayan ɗaya, yana jijjigawa yadda yake yi wa buhu. Ya ɗaga wannan ya ture, ya ɗaga wancan ya ture. Can jikin bango ya ciro wani, ya yi nishi.

"Yawwa! Ga kaya. Sule, zo ka ji nauyi."

Na je. Fuskarsa kyakkyawa ce, ba tabo ko ɗaya. Na ƙwanƙwasa kusurwoyi, ba laifi sosai. Na kai tsakiya, wajen dama kaɗan, sai amsar ta sauya, kamar ka taɓa ƙwarya mai tsaga. Na sake. Haka dai. Nauyin nan ruwa ne ya sha, gam kuma ya saki a ciki.

Na ce, "Alhaji, da mun ɗan duba na tsakiyar tarin can."

Ya yi dariya ya dubi surukinsa. "Ka ji yaran zamani. Sule, shekara talatin ina ɗaga buhu. Abu mai nauyi shi ne abu mai ƙwari. Waɗancan da kake nunawa ai kwali ne, iska ma ta ɗauke su."

Surukin ya gyaɗa kai. 'Yan kwamiti suka ce gaskiya ne. Mai shago ya kawar da kai yana gyara biro a aljihu, ya san abin da na sani. Ni kuma na tsaya ina lissafi a zuci. Mutumin nan shi ya kawo mini aikin, shi ya yi faɗa a kaina. In ƙaryata shi a gaban surukinsa, a gaban mutanen da yake shugabanta? A garinmu ba a yin haka. Sai na shiga lallashin kaina: rubutun ba zai yi zurfi ba, in shanya shi kwana biyu zai bushe, wataƙila ma wurin bai kai yadda nake zato ba. Na ce, "To, Alhaji."

Ranar Talata da hantsi muka sa za a yi aikin. Ban yi tsammanin Malam Isiyaku zai zo ba, sai ga shi a bayan babur, da sandarsa da farin mayafi a kafaɗa. Alhaji ya iso bayansa. Na gaishe su, na ɗauki buta na yi alwala a gabansu, don Malam ya gani. Ya zauna a bencin can da kuke zaune. Na shimfiɗa allon, na ɗaure shi ta kowane gefe, na sa sabon haƙori, na ta da janareto don kada wuta ta yi mana wasa. Ƙa'idata ce in fara gwaji a gefen allo kafin aiki. Rannan ban yi ba, na ce wa kaina ayar ta cika allon, babu wuri. Gaskiyar magana tsoron abin da zan gani nake yi.

Na yi bisimilla na danna. Inji ya fara daga dama. Layi na farko ya fito tsaf, wallahi kamar Malam ne da kansa ya riƙe. Tsohon ya miƙe a hankali ya matso, ya dogara sanda, leɓunansa suna motsi yana bin baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya yadda suke fitowa. Alhaji yana ta murmushi yana kallon Malam, ba ya kallon allo. Ni kuwa garin katakon nake kallo. Na busasshen katako tashi yake, fari, ya shiga hanci ya sa ka atishawa. Wannan zubowa yake yi a dunƙule, duhu-duhu, yana kwanciya a cikin rubutun. Hannuna na kan jan maɓallin tsayar da inji. Da na tsayar a nan, da layi ɗaya kawai aka yi. Na ce bari dai ya wuce wurin nan marar lafiya.

Bai wuce ba. A tsakiyar layi na biyu ƙarar inji ta sauya, ta yi kauri. Fuskar allon ta kumbura a gaban haƙori, ta ɗago, ta yage, faɗin tafin hannu, ta tafi da kalma guda da rabin ta kusa da ita. Na doki maɓalli. Inji ya tsaya, sai ƙarar janareto a waje.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Isiyaku. Ya zare mayafinsa daga kafaɗa, ya shimfiɗa a kan allon, ya gyara gefe-gefe yadda ake rufe wanda ya yi barci.

Alhaji Mamuda ya taso mini. "Sule! Abin da za ka yi mini ke nan? Na tsaya maka a gaban jama'a, na ce injinka ba ya kuskure! An gayyaci mutane daga Bakori, daga Dayi, an sayi bijimi, saura kwana uku Juma'a! Me zan gaya musu? Ashe gaskiyar Malam ce!"

Na sunkuya na dumbuzi garin katako daga gefen inji, na kama hannunsa na zuba masa a tafi. Kun san dillalin masara, duk abin da ka zuba masa a hannu sai ya matse, ba da saninsa ba ma. Ya matse, ya buɗe. Garin ya tsaya a dunƙule da shatin yatsunsa a jiki. Ya kai hanci ya sansana.

Na ce a hankali, "Alhaji, in manomi ya kawo maka buhu farkon kaka, ka ɗaga ka ji ya fi na kowa nauyi, me kake cewa?"

Ya dubi hannunsa. "Ɗanya ce," in ji shi. "Ba ta bushe ba."

Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Na ce shi ke nan, laifi ya bar kan inji, ya bar kaina. Sai na ji muryar Malam Isiyaku.

"Sule."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Alhaji masara ya sani, bai san katako ba. Kai fa? Tun a Funtua ka san allon nan ba shi da lafiya?"

Zan iya cewa a'a. Ba wanda zai kama ni. Amma tsohon yana kallona, ga mayafinsa a kan aikin. Na ce, "Na sani."

"Ka sani."

"Na ƙwanƙwasa, na ji."

"Ka ji, ka ɗauko, ka yi alwala a gabana, ka ɗora maganar Allah a kai."

"Na ji nauyin Alhaji ne, Malam. Ga surukinsa a wurin."

"Ka ji nauyin Alhaji," ya maimaita. Bai ɗaga murya ba. "Ni da nake ta zargin ƙarfe. Ashe ƙarfen ba ruwansa, abin da aka ba shi ya yi."

Kai, da ya ɗaga sandar nan ya maka mini da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda rabona da ita tun ina ɗauke da katako a ka a kasuwar Bakori. Ya ce in ba shi takardarsa. Na ɗauko na miƙa da hannu biyu. Rubutun yana nan a kwamfuta, ko ba takarda zan iya sake yi, shi bai san haka ba. Na gaya masa. Na ce amma ba zan sake taɓa shi ba sai da izininsa, in ya ce a goge yanzu zan goge. Ya naɗe takardar yana tunani, Alhaji na tsaye ya kasa zama. In ya ce a goge, ni da aikin masallaci har abada, na san haka, ga gona ta tafi.

Can ya ce, "Gobe da ni za a je Funtua. Kai za ka zaɓa, ba wanda zai sa maka baki. In ka ga abu ka yi shiru kuma, to tsakaninka da Allah."

Laraba da sassafe muka shiga mota mu uku. Shago huɗu muka shiga ina cewa a'a. Rana na yi, Alhaji na duba agogo. A na biyar na sa aka sauke rabin tari, na zaro wani daga tsakiya. Kusurwa ɗaya ta ɓantare, bayansa da tabon mai, ba nauyi. Gefensa kuwa falle a jere kamar an ja da rula. Na ƙwanƙwasa ko'ina, amsa ɗaya. Sai Malam Isiyaku ya miƙa wa Alhaji sandarsa, ya kara kunne a jikin allon ya shiga ƙwanƙwasawa da kansa. Ashe shekara hamsin yana zaɓa wa ɗalibansa itacen allo, kunnensa ya fi nawa. Alhaji ma ya matso, bai ɗaga ba wannan karon. Ya manna bayan hannunsa a jiki, ya sansana gefe, yadda yake yi wa masarar da zai ajiye har bazara. Ya ce, "A bushe yake." Kuɗinsa ma bai kai na farkon ba, saboda kusurwar.

Alhamis muka sake. Na rage faɗin adon gefe don a yanke ɓantararriyar kusurwa, a kanta na yi gwaji. Gari ya tashi fari, Alhaji ya yi atishawa. Na danna. Layi na farko ya wuce. Da haƙori ya doshi tsakiyar layi na biyu ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Ya shiga kalmar nan, ya zagaya, ya fita, ya kama ta gaba. Malam ya sauke numfashi ya koma benci. Kafin la'asar aka gama. Na bi da sanfefa da hannu, na shafa banish, ya kwana yana shan iska. Juma'a da safe muka naɗe shi da bargo muka ɗora a a-kori-kura, aka kafa shi saura kaɗan a fara huɗuba. Cikin duk jama'ar da suka cika masallacin suna ɗaga kai, mu uku kaɗai muka san akwai na farko. Daga wannan allo aikin masallatai ya buɗe mini, har yau a kansa nake.

Saura lalataccen. Akwai aya a jikinsa, layi ɗaya da rabi. Ba a jefar da shi, ba a hura wuta da shi, ba a yanka shi a yi kujera wani ya zauna. Bayan sati na je har gida na tambayi Malam Isiyaku yadda zan yi, na tafi masa da mayafinsa a wanke. Na zaci zai ce in kankare rubutun in binne garin a wuri mai tsarki.

Ya ce, "Kada ka kankare. Mayar da mayafin ka rufe shi, ka rataye shi sama, inda ba ƙafar da za ta kai. Amma ka sa shi daidai inda idonka zai sauka in babban mutum ya shigo shagonka."

Ga shi can. Malam ya rasu shekara biyu bayan haka, mayafin nasa ne har yanzu, ni nake saukewa in wanke in mayar. Watan jiya wani mai kuɗi ya zo da filawud ɗinsa a bayan mota, da mutanensa biye da shi. Na ƙwanƙwasa, na ɗaga kai na dubi sama, na ce masa ranka ya daɗe, ba zan ɗora wannan a injina ba. A gaban mutanensa na faɗa. Ya fita a fusace, bai dawo ba, aikin kuwa babba ne.

Kai, mai cewa danna maɓalli ne kawai, kana da alwala? To ga buta can, je ka yi. In ka dawo ga tsani, ka hau. Kada ka buɗe mayafin. Sa hannu ta baya ka ƙwanƙwasa kusurwa, sannan ka matsa tsakiya, ka kasa kunne da kyau. Ƙarar da za ka ji, ita na ji a Funtua ranar Asabar ɗin nan. Sarai na ji ta, na ce, "To, Alhaji."